Daga Yaɓe Zuwa Fenti: Tarihin Gyaran Gida Da Cinikinsa A Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A yau duk wanda ya ratsa wata unguwa a Kano ko Zariya ko Katsina, ya ga an jingina tsani a jikin wani gida ana ta shafa fenti, an cire tsohon ƙyaure an sa sabo, alhali ba salla ba, ba biki ba, to abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne masu gidan nan sun sa shi a kasuwa. A zamanin kakanninmu kuwa, wanda ya ga ana yaɓe a jikin katanga, abin da zai fahimta shi ne mai gidan yana nan daram, yana shirin tarbar damina, kuma yana fatan 'ya'yansa su yi irin wannan aikin a bayansa. Wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin bin sawun yadda muka taso daga wancan hali muka iso wannan, wato yadda gyaran gida da ƙawata shi suka tashi daga hidimar masu zama a ciki suka koma shirin tarbar mai saye. Za mu kuma duba abin da muka samu da abin da ya suɓuce mana a kan hanya.

Gidan Ƙasa Da Haƙƙinsa

Gidan Bahaushe na birni da ƙasa ake gina shi tun daga tushe har rufi. Ana haƙo ƙasa a kusa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a shanya. Kududdufan da suka cika tsohon birnin Kano yawancinsu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne. Rufi kuwa da azara ake yin sa, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, domin gara ba ta cinta da sauƙi. A jera azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daddale, a fitar da indararo don ruwan sama ya sami hanyar sauka nesa da bango.

Irin wannan gini yana da sanyi lokacin bazara, yana da ɗumi lokacin hunturu, amma yana da haƙƙi a kan mai shi. Kowace damina sai ta ɗan zaftare wani abu daga jikinsa. Saboda haka da rani ya yi nisa, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai maigida ya tara 'ya'yansa da barorinsa, ko ya kira magina, a hau soro a toshe tsaga, a gyara bakin indararo, a yi wa bango sabon yaɓe. Mai hali yakan sa a shafe bangon da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi tana ba ta wani launi ja mai duhu. Wanda ya fi wannan hali sai ya sa a yi masa laso, wato haɗin katsin da ake kwasowa daga karofi da gashin dabba da ruwan dafara, wanda idan ya bushe ruwa ba ya ratsa shi. Mu lura da yadda sana'o'i suka riƙe juna a nan: abin da marini ya zubar da abin da majemi ya kankare, su ne magini yake rufe soro da su.

To, a wancan zamani gyaran gida ba shi da wata alaƙa da ciniki. Fili na hannun sarki, mai unguwa ko dagaci ne ke nuna wa baƙo inda zai kafa. Gidan da aka gada kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, na zuriya ne, a nan aka binne cibiyoyi, a zaurensa ake ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki. Ba mu ce ba a taɓa sayar da gida ba sam, domin fatake da baƙi sukan sayi muhalli a manyan birane, kuma littattafan fiƙihun da alƙalanmu suke hukunci da su sun yi bayanin cinikin gidaje filla-filla. Sai dai a idon jama'a abin kunya ne, har yau ma idan aka ce wane ya sayar da gidan ubansa, ba yabo ake nufi ba. Gidan da masu shi suka watse, galibi kango yake zama. A zare azara da ƙyamare, domin su ne masu tsada, a bar sauran wa ruwan sama ya mayar da ƙasa inda ta fito.

Magina Da Adon Bango

Ado a jikin gini ya daɗe a ƙasar Hausa, amma da farko a fada da masallatai da gidajen manyan attajirai ya fi zama, kuma yawancinsa daga ciki ne. Gidan Rumfa da Gidan Makama a Kano, waɗanda asalinsu ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, suna cikin wuraren da aka san soraye masu bakan gizo da zane a bango. Wanda ya fi kowa suna a wannan fage shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har yau akwai unguwa mai sunansa a birnin Zariya. A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na wannan masallaci da sabon gini na siminti, an kuma yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Magina suna da sarkinsu, suna da tsarin koyo daga uba zuwa ɗa, kuma zanen da suke yi yana da sunaye. Akwai dagi, wanda daga baya ya zama tambarin Jihar Arewa, akwai zanen takobi da na allo da sauransu, waɗanda da yawansu suna kama da aikin da maɗinka ke yi a wuyan babbar riga. Da hannu ake fitar da su tun yaɓe yana ɗanye. A saman zaure kuma a tsayar da zankwaye, waɗanda suke ƙara wa gida kwarjini. Irin wannan gwaninta ba ta tsaya a Nijeriya ba. Duk wanda ya shiga unguwar Birni a Damagaram zai ga fuskokin gidaje masu zane da launi, kuma a 1986 masallacin ƙasa na garin Yama da ke yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine.

Abin da ya kamata mu riƙe a nan shi ne, adon zaure magana ce da maigida yake yi da unguwa. Yana cewa Allah ya yi masa buɗi, ƙofarsa a buɗe take ga baƙo, kuma ba shi da niyyar tashi.

Ɗakin Mace

Idan fuskar gida ta maigida ce, to cikin ɗaki na matar gida ne, kuma a nan ne ƙananan gyare-gyare suka fi yawa. Kafin a kawo amarya, mata sukan taru su yi daɓe. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasa ta yi santsi tana sheƙi. Daga nan a shafe bango da farar ƙasa, wani lokaci a ja masa layi da jar ƙasa ko shuni daga ƙasa. Wannan shafe ba ya cin kuɗi, kuma mace mai tsafta takan sabunta shi gab da kowace salla.

Sai kuma jere. Da fari ƙorai ne masu sassaƙa da akusa da faya-fayi ake jerawa. Daga baya tasoshin tagulla suka shigo. Da kayan Turawa suka yawaita, sai kwanonin sha da langa da kwalla da fanteka masu fure-fure, waɗanda ake kawowa daga Turai da Hon Kon kafin a fara ƙera su a Kano, suka mamaye bango tun daga ƙasa har kusa da rufi. Bayan su gadon ƙarfe mai rumfa ya zo, sannan kabad mai gilashi, sannan saitin gado da kujeru na katako da muke gani yanzu. Kayan sun yi ta sauyawa, amma manufarsu ba ta sauya ba. Jere dukiyar mace ce, mallakarta ce ita kaɗai, idan ta shiga matsi takan zare kwalla ɗaya ta ba dillaliya, idan 'yarta ta isa aure takan rage nata ta ƙara mata. Saboda haka tun kafin gida ya zama abin sayarwa a hannun maza, mata sun riga sun san adon da ke iya komawa kuɗi ranar buƙata.

Kuɗin Gyaɗa, Kwano Da Siminti

Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1911 layin dogo ya iso Kano, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, nan da nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa, auduga kuma ta yi daraja a ƙasar Zazzau da Katsina. Kuɗin ƙarfe ya kori wuri. Jirgin da ke kwasar gyaɗa zuwa Ikko shi ne ke dawowa da kwanon rufi da siminti da fenti da ƙusa da gilashi.

Abin sha'awa shi ne, farkon abin da wannan kuɗi ya haifar shi ne bunƙasar adon gargajiya. Mutanen da a da ba su isa su yi wa zaurensu zane ba, irin su dillalan gyaɗa da maɗinka da mahauta da direbobi, sai ga shi sun sami abin biyan magina. Daga wajejen shekarun 1930 zuwa 1960 fuskokin gidaje a Zariya, musamman a Tudun Wada da cikin birni, suka cika da zane. Magina kuma suka shigo da abubuwan zamani cikin aikinsu. A gefen dagi sai ka ga keke, ko mota, ko agogo, ko jirgin sama, kowanne yana ba da labarin mai gidan, ko abin da ya mallaka ko abin da yake buri. Daga baya suka koyi yin zanen a kan shafen siminti, suna karce shi tun bai bushe ba, suna cike shi da fenti mai launi-launi.

Amma kayan da suka raya wannan ado su ne suka zo suka kashe shi. Kwano ya raba maigida da hawan soro kowace shekara, sai dai ya kawo zafi. Bulo ya fi tubali saurin hawa. A 1967 kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki, sannan kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 suka sa kowane ma'aikaci yana mafarkin gidan bulo mai silin da tagar gilashi. Rukunin gidajen gwamnati irin su Kundila da Gwammaja a Kano, da gidajen Shagari da aka gina a jihohi daga 1979 zuwa 1983, suka zama abin koyi. Gidan ƙasa ya koma alamar rashi. Wanda bai iya rushe nasa ba sai ya lulluɓe shi da filasta don ya yi kama da na bulo.

Wannan lulluɓi yana da illa da magina suka sani. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. Idan aka rufe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta wata 'yar tsaga ko ya taso daga tushe ba ya samun mafita, sai ya yi ta cin bangon daga ciki alhali waje yana nan sumul. Ga shi kuma an daina yaɓen shekara-shekara, tunda ido ba ya ganin abin gyara. Duk lokacin da aka yi ruwa mai yawa, kamar na watan Agustan 1988 a Kano, wanda har madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa da aka yi sakaci da su suna cikin waɗanda suka fi zubewa.

Gida Ya Shiga Kasuwa

A ɓangaren doka, Turawa sun yi shela a 1910 cewa duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin kulawar Gwamna. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan tsari a 1962, sannan a 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. A bisa wannan doka abin da mutum yake da shi shi ne haƙƙin zama da abin da ya gina, kuma mai takardar mallaka ba ya miƙa ta ga wani sai da amincewar gwamna. Wato a takarda gini ake sayarwa, ƙasa ta jama'a ce. A kasuwa kuwa sau da yawa akasin haka ake yi, musamman a tsofaffin unguwanni da ke kusa da Kurmi ko Kwari ko bakin babban titi, inda mai saye fili yake so, ginin kuwa ko kallonsa ba ya yi, domin washegari zai kawo masu rushewa ya tsayar da shaguna.

Abubuwa uku suka haɗu suka jefa gida cikin kasuwa. Na farko yawan jama'a, wanda ya sa fili a birni ya yi tsadar da ba a taɓa zato ba. Na biyu rabon gado. A da magada sukan bar gida a dunƙule, babban wa ya riƙe, kowa ya ja ɗakinsa. Da gida ya zama kuɗi masu kauri, kuma magada suka warwatsu wasu a Kaduna wasu a Abuja, sai aka koma kiran masana su yi wa gida kima, a sayar a raba. Shari'a ta tanadi shufa'a, wato haƙƙin wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba ya karɓi rabon ɗan'uwansa a kan kuɗin da bare ya saya, amma shufa'a sai da kuɗi a hannu. Na uku kuwa matsin tattalin arziki, musamman daga 1986 da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, mutane da yawa suka ga ba su da wata kadara da za ta fitar da su kunya sai gida. Ita ma gwamnati ta shiga sahu, domin bayan tsarin da ta fito da shi a 2003 na biyan ma'aikata kuɗi a madadin muhalli, ta sayar da ɗimbin gidajenta.

Daga nan dillancin gidaje ya zama sana'a mai zaman kanta, da rumfunanta da la'adarta, yau har da hotuna a waya. Dillali kuwa ya san ido ke fara saye kafin aljihu. Shi ne zai ce wa mai gida ya yi fenti, ya sauya get, ya toshe yoyo, ya cire silin da ruwa ya ɓata, ya kwashe tarkacen tsakar gida, ya yashe kwata, in da hali ya sa tayil a falo. A nan ne gyaran gida ya sami sabon mai kallo. Launin da ake zaɓa ma ya sauya, aka koma fari da ruwan madara da ruwan toka, waɗanda ba su ba da labarin kowa, don kowane mai saye ya iya ganin kansa a ciki. Keken da kaka ya sa aka zana masa a goshin zaure kuwa, shi ne farkon abin da ake kankarewa.

Tsakanin Gyara Da Rufa-Rufa

Ba laifi ba ne mutum ya gyara abin da zai sayar. Masu iya magana sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Gidan da aka share, aka buɗe tagoginsa iska da haske suka shiga, aka gyara famfo da makewayi, ya fi saurin samun tayi mai kyau, kuma yawancin wannan aiki bai fi ƙarfin talaka ba. Idan muka duba da kyau ma, jerin abubuwan da dillali yake faɗa a yau bai yi nisa da abin da kakanninmu suke yi kafin damina ba: rufi, hanyar ruwa, bango, daɓe, shafe. Tsarin ma ɗaya ne, daga sama ake farawa, domin wanda ya yi fenti bai toshe yoyo ba ya yi aikin banza.

Inda gizo yake saƙa shi ne wurin da gyara ya zama rufa-rufa. A cusa siminti a bakin tsagar da ta taso tun daga tushe, a shafe ta da fenti. A sayar da gida da rani don kada mai saye ya ga yadda ruwa ke kwanciya a tsakar gida. A yi shiru a kan wani magajin da bai sa hannu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai saye kuwa sai damina ta faɗa masa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suka haramta ɓoye aibi a ciniki, suka kuma kasa aibin gida kashi uku. Akwai ƙarami wanda ba ya rage daraja, wannan ba a waiwayarsa. Akwai matsakaici, wanda mai saye zai karɓi ragin kuɗi gwargwadonsa. Akwai kuma babba, kamar bangon da ake tsoron faɗuwarsa, wanda yake ba mai saye damar mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Wanda kuwa aka nuna wa aibi ya gani ya yarda, ba shi da bakin magana daga baya. Ashe faɗin gaskiya tun farko kariya ce ga mai sayarwa kansa, domin ita ce ke raba shi da zaryar kotu.

Kammalawa

Mun ga yadda gidan Bahaushe ya taso daga ƙasa da azara zuwa bulo da kwano, da yadda ya tashi daga gadon zuriya ya zama kadara mai farashi. Ba za mu ce wa magadan da suke da marayu da bashi a wuya kada su sayar da gida ba, kuma babu mai komar da mu zamanin makuba da laso gaba ɗaya. Abin da muke iya yi bai fi ƙarfinmu ba. Mai sayarwa ya gyara abin da ya lalace, ya faɗi abin da bai iya gyarawa ba. Mai saye da ya tarar da tsohon zaure mai zane ya yi tunani kafin ya kira masu rushewa, domin maginan da suka iya wannan aiki sun yi ƙaranci, kuma abin da aka rushe a wuni ɗaya ba a samun mai maimaita shi.

Mu kuma marubuta muna da namu rabon aikin. Kalmomi irin su makuba da laso da katsi da madaɓi da zanko suna fita daga bakin yaranmu tare da fitar abubuwan daga gidajenmu. Littattafanmu na hikaya sun cika da falo da labule da kujerun ƙasar waje, ba kasafai muke shigar da mai karatu ta zaure mu wuce da shi shigifa mu kai shi turaka ba. Kafin a sayar da gidan kakanninmu na gaba, ya kamata wani daga cikinmu ya je da alƙalami da abin ɗaukar hoto, ya zauna da tsofaffin gidan, ya tambayi wane magini ne ya gina shi, a zamanin wane sarki, da kuma dalilin da ya sa aka zana abin da aka zana a goshinsa. Allah ya sa mu dace, amin.